Wasiƙa ga Ummi daga gaɓar Fundy

Ummina,

Kin tambaye ni me tsuntsayen da ke cikin hoton da na aiko miki suke tsattsaga a laka, tunda ba wanda ya watsa musu gero. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai.

Wurin sunansa Fundy, wani mashigin teku ne a gabashin Kanada. Sau biyu a rana ruwa yakan janye, ya bar jar laka iyakar ganin ido, sannan ya komo. A wasu wuraren, tsakanin cikarsa da janyewarsa akan samu mita 16.

A cikin lakar nan akwai wani ɗan mitsitsin abu, dangin jatan lande, masana suna kiransa Corophium. Tsawonsa bai wuce santimita 1 ba, kamar ƙwayar shinkafa. Rami yake haƙawa mai baki biyu, lanƙwasasshe daga ƙasa, ya shige ya zauna. Da 'yan ƙafafunsa yake kaɗa ruwa ya ratsa ramin don ya samu numfashi. Yana kuma da ƙahoni biyu dogaye a gaba, da su yake kankaro gansakukar da ke saman laka ya jawo ta bakin gidansa. Inda suka yi yawa, a fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi ana iya samun 60,000. Ki tsaya ki yi tunanin wannan adadi, Ummi.

Allah Ya sa shi abincin wasu ne. In ruwa ya janye tsuntsaye su sauko masa, in ya dawo kifaye su karɓa.

Tsuntsayen nan baƙi ne. Daga can ƙurewar arewa suke zuwa a ƙarshen Yuli, bayan sun gama ƙyanƙyasa, kowanne nauyinsa kusan giram 20. Cikin kamar mako biyu suna kiwo a lakar, sai nauyin ya ninka. Da kitsen nan ne za su tashi su ratsa teku, kwana uku ba sauka, har gaɓar Kudancin Amurka, wajen ƙasar Suriname. Ba su iya iyo ba, don haka wanda bai ƙoshi ba hanya za ta gagare shi.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga an saki kare yana korarsu lokacin da ruwa ya cika suna hutawa a gaɓa. Duk tashin da suka yi a firgice, guzurinsu ne ke raguwa.

Ki roƙi malaminku ya nuna miki Kanada da Suriname a taswira, ki auna tsakaninsu da yatsunki, ki rubuto mini abin da kika gani. Ki gaida Hajiya da kyau. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki