Lakwaja, Maƙogwaron Hanyoyin Nijeriya

Duk matafiyin da ya hau Dutsen Patti ya dubi ƙasa, abin da zai fara gani shi ne mahaɗar manyan koguna biyu, watau Kwara da Binuwai. Mahaɗar nan ce ta jawo Turawa Lakwaja, har Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a garin ranar 1 ga Janairu, 1900. A zamanin nan jiragen ruwa ne ke dakon kaya. Yau kuwa nauyin ya koma kan kwalta.

In an dubi taswira sai a ga hanyoyi barkatai tsakanin Kudu da Arewa, a zaci kowace daidai take da 'yar'uwarta. Ba haka abin yake ba. Hanyar Ikko da ta Binin sun haɗu a Okene, ta Inugu ta biyo ta Ajakuta, ga kuma manyan motocin siminti daga Obajana. Dukkansu Lakwaja suke zuba kayansu. Daga nan sai hanya guda, wadda ta haye Kwara ta gadar Murtala Muhammad a Jamata, ta ratsa Koton Ƙarfe da Abaji, ta nufi Abuja da Kaduna. Tankokin mai, da lodin goro da manja, suna hawa. Shanu, da albasa, da tumatir, da wake suna gangarawa. Da dare fitilun motocin ba su yankewa.

Sai ran da hanyar ta toshe ake sanin darajarta. A 2012, da kuma 2022, kogunan biyu suka cika suka batse, ruwa ya shafe kwalta. A karo na biyun, a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki jere ba gaba ba baya, kayan gwari suka ruɓe a cikin mota, masu kwale-kwale suka samu ciniki. Kafin a ankara, gidajen mai na Abuja, mai nisan kilomita kusan 200, sun cika da dogayen layuka, alhali babu ɗigon ambaliya a ƙofarsu.

To, ina sauran hanyoyin? Akwai su, ta Jebba da Mokwa a yamma, ta Makurɗi a gabas. Amma direba ba ya auna hanya da taswira. Da kuɗin gas yake auna ta, da yawan ramuka, da shingayen da za a tsayar da shi. Da aka tilasta wa direbobi zagaye, sai cunkoson ya bi su can, domin ba a gina waɗancan don ɗaukar kayan hanya biyu ba. Jirgin ƙasa da bututun mai, waɗanda ya kamata su rage wa kwalta nauyi, sun daɗe da sakar mata kusan kome. Da ruwa ya janye, tankokin suka sake kama hanyar Jamata.