Daga Anka Zuwa Gummi: Ina Musakai Ke Kwana?

Wanda ya tashi daga Gusau ya wuce Bunguɗu da Maru, in ya kai mararrabar Mayanci sai ya bar hanyar Sakkwato ya karkata hagu. Wannan hanya ita ce ke kai mutum Anka, sa'an nan ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta bi ta Daki Takwas har ta dire Gummi a bakin Gulbin Zamfara. Ita muka bi, da rana tsaka kamar yadda kowa ke yi a wannan zamani, domin babu direban da zai yarda magariba ta riske shi a dajin. Abin da ya kai mu kuwa tambaya ce guda: makaho da gurgu da kurma da wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, waɗanda muke gani a ƙofar masallaci da tashar mota muna miƙa musu sadaka, in dare ya yi a ina suke kwantar da haƙarƙarinsu?

A da amsar ba ta da wuya. Musaki ɗan gida ne. Yana da ɗakinsa a gidan gandu, ƙannensa na noma masa, matan gida na zuba masa tuwo. Wanda ya zaɓi ya shiga gari kuwa sai ya faɗa hannun Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu, a nuna masa inda zai sauka. Tsarin nan tsoho ne ƙwarai a ƙasar Hausa. Baturen nan Kilafaton, da ya shiga Kano a 1824, ya tarar da unguwa sukutum ta makafi a cikin ganuwa, ɗakunansu ginannu tsaf, suna kuma da wani kaso da sarki ke ba su. Watau tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce shugabanninmu sun gane cewa sadakar hannu daban, wurin kwana daban.

Anka gari ne na sarauta, nan Sarkin Zamfara yake zaune tun ƙarni na 19, bayan yawon da gidan ya sha tun da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara. Amma abin da ya kai sunan garin kunnen duniya a zamaninmu baƙin ciki ne. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru. Dalili kuwa shi ne dutsen zinariya da ake haƙowa, a kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, alhali kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi kwanon abinci da hannun mai rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu, Allah ya sa masu ceto ne. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi wa dubbai magani, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, har aka kai ga Bagega a 2013.

To, ana yawan ƙidaya waɗanda suka mutu, ba a cika tuna waɗanda suka rayu ba. Maganin yana fitar da dalma daga jini, amma ba ya mai da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa. Akwai waɗanda suka tashi ba gani, akwai masu farfaɗiya, akwai waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye ko harshensu bai buɗe ba. Yaron da yake goye a 2010 yau ya zama saurayi, yarinyar ta isa aure. Uwar da ke ɗaukarsa a baya ƙarfinta ya fara ƙarewa, shi kuwa nauyinsa ƙaruwa yake yi. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai a duk tafiyar.

Da a ce ƙauyukan na zaune lafiya, da dangi sun rufa asirin abinsu kamar yadda aka saba. Sai kuma ga masifar 'yan bindiga. Tun kafin 2020 mutanen karkara suka riƙa kwararowa cikin Anka, har ginin sabuwar fada da ba a ƙarasa ba ya zama sansanin 'yan gudun hijira. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyuka da dama tsakanin Anka da Bukkuyum; mutanen wurin suka ce an kashe wajen 200, gwamnati ta ce 58. Ko wanne lissafi aka ɗauka, gidajen gandu sun watse. Mai ƙafa ya gudu ya nemi dako ko ga-ruwa, ya kama ɗan ɗaki. Gurgu fa? Shi sai inda aka ajiye shi: zauren wani bawan Allah, ko rumfar kasuwa bayan an tashi, ko barandar makaranta. Mun ga irin wannan a Anka, mun sake ganinsa a ƙasar Bukkuyum, inda ba mu daɗe ba saboda halin hanya.

Gummi kuwa nata ya zo ta ruwa. Garin yana da albarkar fadama, ga shinkafa ga kifi, amma a damunar 2024 ambaliya ta shiga unguwanni ta kwantar da gidajen ƙasa masu yawa, dubban mutane suka rasa matsuguni. Duk inda ɗakuna suka yi ƙaranci kuɗin haya tashi yake yi, mai gida kuma ya zaɓi wanda yake so. Ba ma cewa masu gidaje mugaye ne. Mutum ne ya tara guminsa ya yi gini, yana son mai biyan shekara gaba ɗaya, musaki kuwa samunsa na yini ne. Ko mai sana'a a cikinsu, kamar gurgun da ke gyaran takalma ko makahon da ke tufka igiya, zai iya biyan kaɗan kaɗan duk mako, amma ba shi da inda zai samo dunƙulen kuɗin shekara.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka kafa musu hukuma a 2020. Madalla da wannan. Amma mu Musulmi, musamman a jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a 1999 ta kuma kafa Hukumar Zakka da Wakafi, ba mu da hujjar jiran Abuja. Addinin da aka saukar da Suratu Abasa a cikinsa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar wa riƙon Madina, bai bar wannan babi a rufe ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, ya yanka wa kutare abin masarufi don su bar bara. Kafin shi kuma Sahabi Zubairu ɗan Awwamu ya tsayar da gidajensa sadaka, ya ce 'yarsa da aka saka ta zauna ciki, in ta sake aure ta ba wata wuri.

Wannan na Zubairu shi ne hubusi, ko wakafi kamar yadda aka fi faɗa yanzu, shi ne kuwa maganin da muke gani. A mazhabarmu ta Malikiyya zakka haƙƙin mutanen nan takwas ne da aka lissafa a Suratut Tauba, a hannunsu ake danƙa ta, ba a gini da ita. Amma ana iya ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, kuɗin ɗaki kuwa yana cikin buƙatun shekara. Gini aikin hubusi ne. Ke nan attajiri ya gina, zakka ta taimaka wa mai zama ya biya, kowanne ya tsaya a matsayinsa.

Ga wani sauƙi da yawancin ma'aikata ba su sani ba. Malamanmu ba su shar'anta hubusi ya zama na har abada ba, ba su kuma ce lalle sai mai mallakar gida ba. Ya halatta mutum ya kama hayar ɗaki na shekara biyu ko uku, ya tsayar da amfaninsa ga musakai tsawon wannan lokaci. Malamin makaranta ko akawu da ba zai iya sayen fili ba, shi da abokan aikinsa biyar suna iya wannan daga albashinsu.

Wani zai ce, in don Allah ne, me ya kawo maganar haya? A ganinmu ɗan abin da mai zama zai biya, ko da bai taka kara ya karya ba, yana da amfani biyu. Yana sa shi ya ji ɗakinsa ne, ba alfarma yake ci ba, ba kuma za a tashe shi ranar da aka yi baƙi ba. Sa'an nan ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kowace shekara. Malaman fiƙihu sun ce in gidan hubusi ya lalace mai zama bai gyara ba, sai a fitar da shi a ba da hayar gidan har a sami abin gyara. Don kada a kai ga haka, ya kamata mai ginawa ya fitar da shago ɗaya ko biyu ta bakin hanya, kuɗinsu ya tafi ga gyara da ɗan ihsani ga wanda zai kula da mazauna.

Mai kula ɗin nan kuwa shi ne rabin aikin. Ɗaki kaɗai ba ya isar wanda farfaɗiya ke kayarwa da dare. Ana son dattijuwa ko magidanci mai amana a gidan, wanda zai ɗebo ruwa, ya tuna da magani, ya san lokacin da za a nufi asibiti. Ana son ƙofa mai faɗi marar dokin ƙofa, da makewayin da mai jan gindi zai shiga ba tare da ya ɓata jikinsa ba, shi ma mai salla ne. Kada kuma a kai gidan bayan gari don fili ya fi araha. Wanda aka nisanta da masallaci da kasuwa an raba shi da jam'i da abincinsa gaba ɗaya. A Gummi, bayan abin da aka gani a 2024, sai a nemi tudu.

Saura sharaɗi guda da ke rushe hubusi da yawa a ƙasarmu. A Malikiyya, in mai tsayarwa bai fitar da gidan daga hannunsa ba har ciwon ajali ko mutuwa ko karayar arziki ta riske shi, hubusin ya ɓaci, gida ya koma gado ko hannun masu bin bashi. Saboda haka sai a rubuta a gaban alƙali da shaidu, a naɗa mai lura, a miƙa makulli tun mai gida na da lafiyarsa, a kuma ajiye takarda ɗaya a fada. Sarkin Gummi da aka naɗa a 2013, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, tsohon Babban Jojin Abuja ne. Takardar da aka ajiye a irin wannan fada ba za ta rasa mai karanta ta ba ranar da magada suka taso.