Daga Yako Zuwa Riruwai: Inda Duhu Ya Ke Da Amfani Ga Mai Duban Wata

Matafiyin da ya bar Kano ta hanyar Zariya, ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru, ya karkata a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, zai iske wata dukiya wadda birni ya daɗe da rasawa, watau duhun dare. A Yako da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da almuru ta yi sai sama ta cika da taurari. Can gaba kuwa ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa inda aka yi haƙar kuza. A madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya tsaya a gabashin tafkin ya fuskanci yamma ba gini ba hayaƙi tsakaninsa da mafaɗar rana. Irin wurin da mai neman jinjirin wata ke so ke nan.

To, a wasu ƙasashe masu sha'awar ilmin taurari sun daina tsayawa kusa da madubin hangen nesa. Su kan kafa shi a tsakar gida bisa ƙafa mai inji, su ɗaura masa kyamara a gurbin ido, su haɗa da 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi. Daga ɗaki, ta hanyar wayafai na gida, mutum zai ba da umarni, madubin ya juya da kansa zuwa inda lissafi ya nuna wata ya ke, kyamara ta ɗauki hotuna ɗaruruwa, kwamfuta ta tara su wuri guda har siririn haske ya fito. A hamadar Abu Dabi akwai ɗakin duban taurari na Al-Khatim, wanda a ke sarrafa shi daga nesa, ya kan kuma fitar da hoton jinjiri da rana tsaka.

Nan ne fa maganar ta shafe mu. Wani masani Bafaranshe, André Danjon, ya nuna tun shekarun 1930 cewa ido ba ya ganin jinjiri muddin tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba. Amma ran 8 ga Yuli, 2013, Thierry Legault ya ɗauki hotonsa a Faransa daidai lokacin haihuwarsa, tazarar ba ta kai digiri 5 ba. Ashe kyamara na kama abin da ba ɗan Adam da zai gani a wannan yini. Malamai da yawa sun yarda da ganin da aka yi da ido ta cikin madubi, amma hoton da kwamfuta ta harhaɗa a kan allo, wannan akwai saɓani a kansa. A ganina amfaninsa a wurinmu shi ne nuna wa masu duba gefen da za su sa ido, da kuma tantance shaida idan wani ya ce ya ga wata alhali kuwa watan ya riga rana faɗuwa. Ɗan kasuwar da ya shirya tafiya, da ma'aikacin da ke jiran hutun Salla, sun san wahalar da rabuwar kai kan ranar Idi ke jawowa.

Aikin ba ya rasa ɗawainiya. Hazo da ƙurar hunturu su kan rufe yamma, gajimaren damina ma haka, ana bukatar batir ko hasken rana saboda wuta, kuma madubin da ya kuskure ya fuskanci rana zai ƙone kyamara nan take. Labarin gani kuwa, ko daga Yako ko daga Doguwa, hanyarsa ita ce ta dagaci da hakimi zuwa fada, sannan Sakkwato, inda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanar da jama'a.