Araha Ba Ta Ado: Tsakaninmu da Wuƙaƙen Aljihu

A cikin durowar teburinmu na karatu akwai wani tsohon gwangwanin biskit wanda kowa a gidanmu ya san ba a taɓa shi. Har kwanan baya, abin da ke cikinsa wuƙaƙen aljihu ne, irin masu naɗewa, guda 23, waɗanda muka shafe shekara goma sha biyu muna tarawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da kuɗinta ya wuce na littafin karatu guda. Abokan aikinmu sukan yi mamakin yadda malamin adabi zai ɓata lokacinsa kan irin wannan tarkace, har wani ya taɓa tuna mana cewa araha ba ta ado. Mun yarda da shi, domin kuwa waɗannan wuƙaƙe ba don ado aka ƙera su ba. Sai dai mu kanmu mun daɗe kafin mu fahimci hakan, kuma labarin yadda muka fahimta shi ne muke son mu bai wa mai karatu.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwar goro ne a Sabon Shagamu. Tun da muka yi wayo muka tarar da wuƙa ɗaya tak a aljihun 'yar shararsa, mai ƙotar katako da aka yi wa adon jinjirin wata da taurari, da wani zobe a gadon bayanta wanda sai an ja shi take naɗewa. Da ita yake yanke igiyar huhun goro, da ita yake fere mana rake da lemo, da ita kuma yake fiƙe mana alƙalamin kara idan za mu tafi makarantar allo. In ya buɗe ta, takan yi wata 'yar ƙara, ƙaras-ƙaras, wadda ko daga cikin ɗaki muka ji ta mun san Baba ya dawo kasuwa. Yawan washi ya sa ruwanta ya sirance har ya koma kamar ganyen dogonyaro. Ba mu taɓa ganin ya nuna wani da ita ba, ko da wasa.

Sai da muka girma muka san cewa sunanta Okapi. An soma ƙera ta ne a shekarar 1902 a birnin Solingen na ƙasar Jamus, garin da ya shahara da maƙeran wuƙa da almakashi, kuma tun asali don kasuwannin Afirka aka yi ta. Sunan ma na wata dabba ce ta dazuzzukan Kwango, 'yar'uwar raƙumin dawa. A 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Ta Baba tana ɗauke da tambarin Jamus, wato ta girmi wannan ƙaura. Da ya rasu aka zo rabon gado, babu wanda ya sa ta a lissafi. Mahaifiyarmu ce ta zaro ta daga aljihun rigarsa ta miƙo mana, ta ce, "Karɓi, kai ne mai alƙalami a cikinsu."

Shekara huɗu muka yi da ita. Wata rana za mu tafi taron ƙara wa juna sani, muna gaggawa, muka manta tana cikin jakar hannunmu. Tun bayan hare-haren 11 ga Satumba 2001 a Amurka ba a barin fasinja ya shiga jirgi da wuƙa, mu ma mun san da haka. A wurin bincike na'ura ta nuna ta. Muka yi magiya, muka ce gado ce, jami'in ya ce ko dai mu koma mu saka ta a babban kaya, ko mu bar ta. Babban kaya ya riga ya wuce, ana kuma kiran fasinjoji. Muna ji muna gani aka jefa ta cikin wani kwando tare da almakasai da reza. Ba mu ga laifin jami'in ba, aikinsa ya yi. Amma har muka gabatar da takardarmu muka dawo, hankalinmu yana kan wannan kwando.

Daga nan ne tarin ya samo asali. Mun fara da neman irin ta Baba, muka samu sabuwa fil, ƙirar Afirka ta Kudu, da watanta da taurarinta da zobenta. Muka buɗe ta, ta yi ƙarar nan da muka sani, amma da muka riƙe ta sai muka ji baƙuwa ce. Ruwanta ya yi faɗi, ƙotarta ba ta san tafin hannun kowa ba. Muka naɗe ta muka jefa a gwangwani. Sai dai neman ya riga ya buɗe mana ido, muka gane ashe ƙasashe da dama suna da irin tasu wuƙar ta talaka, wadda manomi da makiyayi da lebura suke saye ba tare da dogon ciniki ba.

Wani tsohon ɗalibinmu da ke fatauci zuwa Nijar ya kawo mana Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne kawai da aka ninke, ba ta da makulli, wani ƙarfe mai tauri a bayanta shi ke riƙe ruwan. Don tsibiran Melanesiya aka tsara ta, shi ya sa aka zana mata hoton wani dodon can, amma ba ta karɓu a wurinsu ba, sai a Arewacin Afirka ta yi kasuwa. Wadda aka kawo mana samfurin El Baraka ce, wanda aka maye hoton dodon da tambarin nan na Agadas da Buzaye ke ƙerawa da azurfa. Maƙerin Faransa ya gane cewa Musulmi ba zai so yawo da hoton dodo a aljihu ba.

Wata abokiyar aiki da ta yi karatu a Faransa ta taho mana da Opinel mai lamba 8. Joseph Opinel ne ya fara ƙera irinta a 1890 a yankin tsaunukan Savoie, a 1897 kuma ya fitar da jerinta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12. Zoben da ake murzawa a kulle ruwanta an ƙara shi ne a 1955. Ƙotar icce ce zalla, ruwan lamba 8 kuwa santimita 8.5 ne. Duk da arhar tata, a 1985 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya sanya ta cikin abubuwa 100 mafiya kyawun tsari a duniya. Daga baya muka yi odar Higonokami ta intanet, wuƙar Japan da ake ƙerawa a garin Miki tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda babban yatsa ne kawai ke danne wani ɗan kunne a bayanta don kada ta rufe. Muka kuma samu Barlow, wadda asalinta Sheffield ne a Ingila, don kawai mun karanta a littafin Mark Twain na 1876 yadda Tom Sawyer ya yi murna da aka ba shi irinta. Kowace ta zo, sai mu juya ta, mu karanta tarihinta, mu ajiye. Opinel ɗin kaɗai ce ta tsira daga gwangwani, ta zauna a aljihunmu muna fere lemo da fiƙe fensir da farke ƙunshin takardun jarrabawa.

Mai karatu da ya zauna a kudancin ƙasar nan ya san irin damshin daminarta. Yawancin waɗannan wuƙaƙe da baƙin ƙarfe aka yi su, wanda yake saurin ɗaukar kaifi, yake kuma saurin tsatsa. Wata shekara aikin jarrabawa da duba kundayen ɗalibai ya sha kanmu, muka yi wata biyar ba mu buɗe gwangwanin ba. Ranar da muka buɗe, sai muka tarar tsatsa ta yi wa fiye da rabinsu jajayen ɗigo, wasu ma sun cije sun ƙi buɗuwa. Muka zaro Opinel daga aljihu muka kwatanta. Ruwan lemo ya rina ta ta yi duhu, ƙotarta ta kumbura saboda damshi har sai an ƙwanƙwasa gindinta a tebur take fita, amma babu tsatsa ko ɗigo, domin kullum ana goge ta. Wadda muka wahalar ta zauna lafiya, waɗanda muka lallaɓa su ne suka lalace.

Daren nan muka zauna da man keken ɗinki da tsumma da dutsen washi muna kankarewa. A nan ne muka gane abin da muka yi shekaru muna nema. Abin da ya salwanta a filin jirgi shi ne shekara talatin na washi da gumin hannun Baba, kuma wannan ba a sayar da shi a kowace kasuwa. Kome kaifin wuƙa ba ta sassaƙa ƙotarta. Hannun mai ita ne ke yi mata siffa. Wuƙa mai tsada ana iya rataye ta a bango a yi ta kallo. Mai arha kuwa ba ta da wata daraja sai wadda aiki ya ba ta.

To, amma amfani da wuƙa a wannan zamani yana da nasa nauyin, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Wata rana a ofis muka zaro Opinel za mu yanke zaren wani ƙunshi, sai ɗalibar da ke tsaye gabanmu ta ja da baya har ta bugi ƙofa. Abin ya sosa mana rai, domin mun san irin kallon da wasu ke yi wa Bahaushe da wuƙa a wannan yanki. Da muka natsu kuma sai muka ga tsoronta yana da tushe. Ta taso ne a lokacin da 'yan ƙungiyoyin asiri ke zubar da jini a makarantu, kamar yadda 'yan daba ke yi a wasu biranenmu na Arewa. Okapi ɗin Baba ma ta yi baƙin suna a Jamaika a shekarun 1960, a hannun tsagerun matasan Kingston. A Japan kuwa, a watan Oktoba na 1960 wani yaro ɗan shekara 17 ya soke shugaban jam'iyyar gurguzu-gurguzu ta 'yan Soshalis, Inejiro Asanuma, a kan dandamali a Tokyo. Da gajeren takobi ya yi kisan, amma gangamin raba yara da wuƙa da ya biyo baya Higonokami ya fi shafa, wadda a da 'yan makaranta ke fiƙe fensir da ita. Masu ƙera ta suka yi ta rufe maƙera, har ya zamana gida ɗaya ne ya rage mai ikon buga wannan suna. Tun daga ranar ɗalibar nan muka daina zaro wuƙa a gaban wanda bai san mu ba. Haƙƙin mai wuƙa ne ya kwantar da hankalin wanda ba shi da ita.

Wannan ne ya sa muka yi jinkiri sa'ad da babban ɗanmu, mai shekara goma sha ɗaya, ya ce, "Abba, yaushe za ka ba ni tawa?" Uwargida ta riga mu amsawa. Ta ce, "Malam, yaron da ko farcensa bai iya yankewa ba za ka ba wuƙa?" Muka yi mako guda muna juya maganar. A ƙarshe muka ga cewa yaron da ba a koya masa riƙe wuƙa a gida ba, zai fara riƙe ta ne a hannun abokan banza, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muka ɗauko ƙaramar Opinel mai lamba 6, muka zaunar da shi a tabarma, muka karanta masa dokokin da Baba ya karanta mana: ba a nuna mutum da ita, ba a buɗe ta cikin fushi, ba a yanka zuwa wajen jiki, ba a miƙa wa wani ita a buɗe, ba a naɗe ta da danshi. Muka ƙara da ta shida, wadda zamaninsa ya wajabta, cewa ba za ta fita ƙofar gida ba, balle ta je makaranta.

A rana ta uku ya yanke babban yatsansa wajen fiƙe fensir. Mahaifiyarsa ta ɗaure masa ba ta ce mana uffan ba, shirun da ya fi faɗa ciwo. Washegari muka same shi a bayan gida da yatsa a ɗaure, yana sake gwadawa a hankali, yana tura kaifin gaba kamar yadda aka nuna masa. Muka tsaya daga nesa ba mu yi magana ba.

Yanzu wuƙaƙe tara suka rage a gwangwanin. Barlow tana madafin uwargida tana yankan albasa, Douk-Douk tana hannun malamin allon yaranmu yana fiƙe alƙaluma, wasu kuma mun raba wa mai gadi da mai gyaran fulawa da ƙannenmu. Sabuwar Okapi ɗin nan da muka ƙi saboda baƙuntarta, mun fito da ita, ita ce a teburin cin abinci muke fere rake da yamma. Duk ranar Juma'a bayan sallar La'asar mukan wasa ta a dutse, mu goga ta a tsohon bel kamar yadda wanzami ke yi wa aska. Ruwanta ya fara ɗan sirancewa, kuma yaron ya soma gane ƙararta daga cikin ɗaki. Idan Allah Ya ara mana kwana muka ci gaba da washi, wataƙila nan da shekara talatin ta cancanci a zaro ta daga aljihun riga a miƙa wa wani.