Ƙuduji Ya Ci Gonarmu

Mu da muke noma tsakanin Bodinga da Shagari mun san furen nan ja-ja mai kyaun gani da yake fitowa a gindin gero da dawa. Yara suna tsinkarsa su yi wasa. Mu kuwa in mun gan shi sai gabanmu ya faɗi, gama ƙuduji ne, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta.

Kafin ya leƙo waje ya riga ya kama saiwar hatsi yana tsotse ta. Tsiro guda yakan zubar da iri dubbai, irin kuma ya kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ya fi ƙarfi inda ƙasa ta gaji. Tamu ta gaji ƙwarai. Shari'ar Musa ta umarta a bar gona ta huta a shekara ta bakwai, amma wa ke da filin da zai bari yanzu, ga baki da yawa a gida?

Saboda haka da rani muna roƙon Fulani su kwana da shanunsu a gonar, mu ba su dame. Mun hana yara sare gawo. Wani gefe mun sa gyaɗa maimakon gero. Ƙudujin da ya fito kuwa, muna tuge shi tun bai yi fure ba, mu ƙone.