Ramin da Ke Bayan Tafkin Kifi

Mai kiwon kifi a Birnin Gwari yakan nuna wa baƙo tafkinsa na siminti da tarwadar da ke ta kai-kawo a ciki. Ba kasafai yake zagayawa da shi baya ba, wurin ɗan ramin da ruwa ke gangarawa, dauɗa ta kwanta, ya ratsa tsakuwa da soso kafin inji ya mayar da shi sama. Wani dattijo mai kiwon kifi a garin ya ce ran kifin yana can.

Dattijon ya yi su a kogin Mariga, wanda ya raba dajin Kamuku da na Kuyambana, tun kafin a mai da Kamuku gandun daji na ƙasa a 1999. Can ya lura cewa idan rani ya tsananta, ruwa ya tsaya a gurabe, karfasa ce ke fara tasowa tana haki. Tarwada ko a jikinta, don tana shaƙar iska kai tsaye. A ganinsa juriyar nan ce ke yaudarar mai kiwo: ruwa ya daɗe da ɓaci, kifi na motsi, shi kuwa yana cewa lafiya lau.

Abin da ya fi damunsa shi ne tsaftar samarin yanzu. Yaro zai kwashe tsakuwar duka, ya dirje ta da omo, ramin ya yi fes, bayan 'yan kwanaki kifi ya fara mutuwa. Santsin nan da ya kankare, gidan wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu cinye amoniyar da kifi ke fitarwa, kuma sukan ɗauki makonni kafin su sake kafuwa. Ruwan famfo mai kulorin ma kashe su yake yi. Shi dai yakan zuƙe lakar ƙasa da tiyo, ya ɗauraye rabin soson a bokitin ruwan tafkin, sauran rabin sai wani makon. Ruwan da yake canzawa ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Lakar kuma ba ya zubar da ita a kwata. Alayyahun bayan gida na jiranta.

Idan wuta ta ɗauke inji ya tsaya, hanci yake fara sawa. Da ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba zai bari ruwan ramin ya koma tafki ba.

Darasi na ƙarshe, rashin tsaro ne ya koya masa. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Kaduna, abincin kifi ya yi wuya, dole ya rage awo. Sai ya ga ramin ya daina saurin cika, kifin ma bai rame ba. Ashe rarar abinci ce ke ruɓewa a ƙasa. Yanzu ko da buhu a ɗaki, abincin da bai ƙare cikin 'yan mintuna ba, ya yi yawa, kuma da hunturu ya shigo, cin kifi ya ragu, yakan ƙara ragewa.