Barcin Kwamfuta

Hausawa kan ce barci ƙanen mutuwa ne, ni kuwa a wurin kwamfuta na ga gaskiyar zancen. Sau da yawa motsin yatsunka kaɗai take lura da shi. In ka bar ta tana lissafin alƙaluman kundin digirinka ka tafi masallaci, da ta ji shiru sai ta ɓingire, aiki ya tsaya cik.

Don haka kafin in tashi nakan shiga saitin wuta na Windows in hana ta barci, in jona caja, in bar murfi a buɗe. Masu Mac kuwa umarnin caffeinate suke ba ta, ta kwana ido biyu kamar ta ci goro. 'Yan'uwa ɗalibai, ranar miƙa kundi ba ta jiran kowa.